Raguwar gashin kai a mata: abin da ke faruwa a cikin saiwa

Galibi a tsaga mace ke fara lura da abin. Layin da a da sai an lalubo shi yanzu ya yi faɗi, fatar kai tana leƙowa idan haske ya faɗa mata, kuma ƙullin da a da sau biyu ake zagaya masa roba yanzu sai sau uku. Wannan ita ce raguwar gashi irin ta mata, wadda ake gada, kuma ta fi kowace irin asarar gashi yawa a tsakanin mata. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa wuri guda suke komawa, wato ƙarƙashin fata, inda saiwar gashi take.

Mece ce saiwar gashi, kuma me ke cikinta?

Silin gashin da kike tajewa ba shi da rai, shi ya sa almakashi ba ya sa ki jin zafi. Mai ran yana ƙarƙashin fata: wata 'yar jaka siririya da ta nutse kimanin milimita 3 zuwa 4, har gindinta ya taɓo kitsen da ke ƙarƙashin fatar kai. Ita muke nufi da saiwa. Akwai kimanin 100,000 a kan mutum, kuma da su aka haife shi. Jiki ba ya ƙera sababbi bayan haihuwa.

A can gindin saiwar akwai ɗan dunƙulen ƙwayoyin halitta da ƙananan jijiyoyin jini suka ratsa. Likitoci na ce masa damal fafila, mu kuma a nan za mu riƙa ce masa cibiya. Cibiyar ce ke ba da umarni. Ƙwayoyin da suka lulluɓe ta suna cikin mafiya saurin rabuwa a jiki, su ke tura sili sama kimanin santimita 1 a wata, a nan ne kuma ake zuba masa launi. Girman cibiya shi ke yanke kaurin sili: mai ƙwayoyi da yawa tana fitar da gashi mai kauri, ƙarama kuwa siriri. A riƙe wannan, domin kusan duk maganar a kansa ta rataya.

Sama kaɗan akwai wani ɗan tudu a jikin jakar inda ƙwayoyin asali ke zaune, wato irin da ake sake gina saiwa da shi duk lokacin da za ta fara sabon aiki. A daidai nan wata 'yar tsoka ta maƙale, ita ce ke sa tsigar jiki ta tashi. Sama da ita sai jakar maiƙo.

Saiwoyin kuma rukuni-rukuni suke zama. Galibi sili biyu zuwa huɗu ne ke fitowa ta ƙofa ɗaya, tsoka guda tana riƙe da su.

Me ya sa gashi ke zuba ko da kai lafiya lau yake?

Saboda kowace saiwa aiki take yi ta huta, sannan ta sake farawa. Lokacin girma, anajin, yana ɗaukar shekara 2 zuwa 6. Daga nan sai katajin, mako 2 zuwa 3, inda ƙasan saiwar ke yanƙwanewa ya ja sama. Sai telojin, hutun kimanin wata 3, wanda a ƙarshensa tsohon sili ke faɗuwa, sabo ya biyo baya.

A kai mai lafiya, kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na saiwoyi suna girma a kowane lokaci, sauran suna hutu. Lissafin ke nan da ke haifar da faɗuwar sili 50 zuwa 100 a rana. Wadda ta bar kanta a kitse mako 3, ranar tsifa gashin kwana 21 za ta gani a dunƙule, abin da zai iya haura sili 1,000 ba tare da wata cuta ba.

Tsawon da gashi ke iya kaiwa ya dogara ne da tsawon lokacin girma. Saiwar da ta yi shekara 3 tana aiki za ta ba da kimanin santimita 36. Wadda ta yi wata 3 kacal, santimita 3 za ta bayar ta saki.

To me ke canzawa a saiwar idan raguwar ta fara?

Abu uku ne ke tafiya tare.

Na farko, lokacin girma yana gajarta. Daga shekaru ya koma watanni, a saiwoyin da abin ya yi nisa har makonni. Tunda hutun bai ragu ba, yawan masu hutu sai ya ƙaru. A kai mai lafiya ana samun kimanin saiwa 12 masu girma a kan kowace 1 mai hutu, a nan kuwa yakan sauko zuwa wajen 5 a kan 1. Wannan ne ke sa wasu matan cewa gashin tsakar kansu ya daina tsawo. Bai daina ba, faɗuwa yake yi tun kafin ya kai ko'ina.

Na biyu shi ne tsumburewa, kuma shi ne ainihin alamar wannan lalura. Cibiya tana rasa ƙwayoyinta. Asarar kan faru ne a gaɓar da saiwa ke fita daga wani zagaye za ta shiga wani. Idan ta tashi sake ginuwa, sai ta ginu a kan ƙaramar cibiya, kuma ba ta nutsa zurfin da take kaiwa a da. Maimakon gindinta ya sauka cikin kitse, sai ya tsaya a sashen sama na fata. A ƙarƙashinta ta bar wani siririn sawu na zare-zare da ƙananan jijiyoyi, wanda ke nuna inda take kaiwa a baya. Mai duba naman fata a madubin likita yana ganin wannan sawu ƙarara.

Cikakken gashi kaurinsa ya haura milimita 0.06. Wanda ya tsumbure sarai ya koma ƙasa da 0.03, gajere, mai laushi, launinsa ya koɗe, kamar ɗan gashin da ke kan kunci. Bambancin ya fi yadda adadin ke nunawa: idan kaurin sili ya ragu da rabi, naman silin kansa kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage. Saboda haka mace na iya kasancewa da kusan adadin silin da take da shi a da, amma rumfar da suke yi wa fatar kai ta tafi.

Na uku, saiwa tana daɗewa fanko. A ƙa'ida, tsohon sili na faɗuwa sabo na hanya. A nan kuwa ƙofar kan zauna babu kowa na tsawon watanni kafin a sake farawa. Wannan zaman shi ake kira kenojin, kuma yana da kaso babba a cikin filin da ake gani a tsaga.

Ba lokaci guda saiwoyin ke tsumburewa ba. Wannan ta faɗi, maƙwabciyarta na nan daram. Shi ya sa wurin da abin ya shafa ke cike da gashi iri-iri, mai kauri, matsakaici da siriri, a cakuɗe. A fatar kai mai lafiya ana samun kimanin cikakken gashi 7 a kan kowane siriri 1. Idan ya sauka ƙasa da 4 a kan 1, likitoci na ɗaukar wannan a matsayin shaida. Jakar maiƙo kuwa ba ta raguwa tare da saiwar, don haka sai ta zama babba a gefen 'yar ƙaramar saiwa, kuma wasu matan kan lura kansu ya fi saurin maiƙo.

Ke nan saiwar mutuwa take yi?

A shekarun farko, a'a. Idan aka ƙirga saiwoyi a naman fata, jimillar ba ta yin nisa da ta mai lafiya, girmansu ne ya sauya. Wani bincike da aka buga a 2011 daga Jami'ar Pennsylvania a Amurka, wanda aka yi a kan fatar kan maza masu sanƙo, ya gano ƙwayoyin asali na nan a wurin da ya sanƙe. Abin da ya ragu sosai shi ne 'ya'yansu, ƙwayoyin da ya kamata su fito daga cikinsu su sauka su gina sabuwar saiwa. Irin yana nan, tsirowar ce ta gagara.

Amma wannan damar ba ta dawwama. Masu bincike a Melbourne ta Ostireliya, ƙarƙashin Rodney Sinclair, sun nuna cewa yayin da saiwa ke tsumburewa, 'yar tsokar nan tana sakin ta, kitse ya maye gurbin, kuma suna danganta wannan rabuwa da matakin da saiwa ba ta dawowa. Ban da haka, a kewayen saman saiwar akan sami ɗan kumburi da ido ba ya gani, wanda da tafiyar shekaru ke barin zobe na nama mai tauri. A ƙarshe wasu saiwoyin kan ɓace ɗungurungum.

A aikace ga abin da wannan ke nufi. Saiwar da ke zaune fanko da wadda ba ta daɗe da fara sirancewa ba su ne ke amsa magani. Wadda ta yi shekaru a tsumbure da wuya ta koma yadda take. Dalilin ke nan da ya sa wadda ta fara magani a shekara ta biyu ke samun abin da wadda ta jira shekara goma ba ta samu, ko da maganin iri ɗaya ne.

Me ya sa mata ba sa yin sanƙo tal kamar maza?

Amsar tana cikin rukunin nan. A kowane rukuni akwai babbar saiwa guda da ƙanana a gefenta. A mata, ƙananan ne ke fara faɗuwa, babbar ta daɗe tana tsaye. Ƙofar da ke fitar da sili uku sai ta koma biyu, sannan ɗaya. Kowace ƙofa da sauran mai tsaronta, shi ya sa gashin ke yin shara-shara a ko'ina a saman kai ba tare da wani wuri ya zama fili ba.

Akwai kuma bambancin sinadarai. A 1997 Marty Sawaya da Vera Price sun auna saiwoyin maza da mata masu wannan lalura. Sun tarar saiwoyin gaban kan mata suna da ƙarancin masu karɓar homon na maza (homon sinadari ne da jiki ke sarrafawa don aika saƙo ga sassansa, masu karɓa kuma su ne wuraren da yake maƙalewa ya yi aiki), da ƙarancin 5-alfa ridaktes, sinadarin da ke mayar da testosteron, wato babban homon na maza, zuwa wani nau'insa mai ƙarfi da ake kira DHT. Aromates kuwa, wanda ke mayar da testosteron zuwa istrojin, wato homon na mata, ya ninka na maza wajen sau shida. Ana ganin wannan na cikin abin da ke kare layin goshin mace.

Siffar da ake gani iri biyu ce ta fi yawa. Akwai wadda Erich Ludwig na Jamus ya kasa mataki uku a 1977: saman kai yana sirancewa, layin goshi na nan. Akwai kuma wadda Elise Olsen ta Amurka ta bayyana, inda tsagar ta fi faɗi daga gaba tana tsukewa zuwa baya, kamar alwatika. A dukansu, ƙeya ce ta fi tsira.

Homon na maza ne ya yi min yawa ke nan?

Ba lallai ba. A maza maganar a fili take. Tun 1942 James Hamilton ya nuna cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin balaga ba sa yin sanƙo, daga baya kuma aka gano DHT ne ke shiga cibiyar saiwa ya sa ta aika saƙon da ke gajarta girma.

A mata kuwa, mafi yawan masu wannan lalura homon ɗinsu daidai yake idan an auna jini. Wani gwaji da aka buga a 2000, a kan mata 137 da suka daina al'ada, ya nuna miligiram 1 na finasteraid, maganin da ke rage DHT kuma yake aiki sosai a maza, bai yi musu komai ba cikin shekara guda. An ma taɓa ba da rahoton lalurar a jikin macen da jikinta ba ya jin homon na maza sam. Saboda irin waɗannan ne likitoci da yawa suka daina saka sunan homon a cikin sunan cutar idan ta mata ce.

Duk da haka homon na da hannu. Matan da ke da PCOS, lalurar ƙwan mace da ke ɗaga homon na maza, sun fi kamuwa da wuri. Raguwar istrojin bayan daina al'ada tana ƙara tura abin, haka ma magungunan kansar nono masu toshe aromates.

A nemi gwajin homon idan raguwar ta zo tare da rikicewar al'ada, gashi a haɓa ko ƙirji, ƙurajen fuska masu taurin kai, ko wahalar samun ciki. Idan kuma abin ya zo da gaggawa cikin 'yan watanni, murya tana kauri, wannan ba na jira ba ne, domin akwai ƙari a ƙwan mace ko a jakar da ke saman ƙoda da ke iya jawo haka.

Daga wajen uwa ake gado ko uba? Kuma yaushe yake farawa?

Daga kowane ɓangare. Ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa, shi ya sa 'yan'uwa mata biyu ciki ɗaya za su iya bambanta. Yana iya farawa kowane lokaci bayan balaga, amma an fi ganinsa tsakanin shekara 20 zuwa 40, sai kuma wajen daina al'ada. Wani bincike a Ostireliya a 2005 ya same shi a fiye da rabin matan da suka kai shekara 80.

Gashina na zuba da yawa a mataji. Shi ne wannan?

Yawan zuba kaɗai ba ya nuna haka. Akwai zubewar wucin gadi da ke zuwa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, zazzaɓi mai zafi, tiyata, rama ta gaggawa ko babban tashin hankali. A nan saiwoyi da yawa ne suka shiga hutu tare, amma girmansu bai taɓu ba, kuma galibi cikin wata 6 zubar ke lafawa.

Ga abin da za ki iya yi. Tattara gashin da ya fito a mataji, ki baza shi a kan farar takarda inda haske ke da kyau, ki ware shi sili-sili. Dogon sili mai ɗan farin ƙulli a gindi ya gama wa'adinsa ne ya faɗi. Guntun da ba shi da ƙulli ko ta wane gefe karyewa ya yi, matsalarsa a silin take. Wanda za ki nema shi ne na uku: gajere ƙasa da santimita 3, siriri, bakinsa a tsinine alamar almakashi bai taɓa shi ba, amma ga ƙulli a gindinsa. Wannan sili ya tsiro, ya girma, ya gama rayuwarsa cikin 'yan makonni. Idan irinsa suna da yawa, saiwoyi na tsumburewa.

Sannan ki tsaga kai a tsakiya, ki sake tsagawa a ƙeya, ki kwatanta faɗin biyun da madubi ko hoto. Ba abin mamaki ba ne a sami lalurorin biyu tare. Sau da yawa zubewar bayan haihuwa ce ke tona asirin raguwar da ta daɗe tana tafiya a ɓoye.

Yaya likitan fata ke tabbatarwa?

Yakan fara da jan gashi a hankali, sili 50 zuwa 60 a lokaci guda. Idan fiye da 6 suka biyo hannu, ana cikin zuba.

Abin da ya fi amfani shi ne damatoskof, madubi mai fitila da ake ɗorawa a kan fata. A ƙeya za a ga ƙofofi masu sili biyu da uku, kusan duk kauri ɗaya. Da an dawo saman kai sai hoton ya sauya: ƙofofi masu sili ɗaya sun yi yawa, mai kauri na tsaye kusa da wanda bai kai rabinsa ba, ga ƙofofi fanko nan da can, wasu cike da maiƙo. Idan fiye da kashi 20 cikin 100 na silin sun bambanta a kauri, alama ce mai ƙarfi.

Idan akwai shakka, sai a yanko ɗan naman fatar kai mai faɗin milimita 4, a yayyanka shi a kwance, a ƙirga manyan saiwoyi da ƙanana. A jini kuma akan duba feritin, ma'aunin ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, da aikin tayiroid, wato ƙullin da ke gaban wuya mai fitar da homon. Ƙarancinsu ba shi ke haifar da tsumburewa ba, amma yana ƙara zuba.

Waɗanne cututtuka ne ke kama da ita?

Kama da wane ba ta wane, kuma a nan kuskuren yana da tsada. Ɗaya daga cikin waɗanda ake rikitawa da ita ita ce CCCA, wata asarar gashi mai barin tabo da aka fi gani a mata 'yan asalin Afirka. Ita ma a tsakar kai take farawa, tana faɗaɗa kamar da'ira. Sai dai a nan kumburi ne ke cinye saiwar har da ƙwayoyin asalinta, tabo ya maye gurbin. A 2019 an danganta wani kaso na masu ita da sauyi a ƙwayar gado mai suna PADI3. Alamunta sun haɗa da ƙaiƙayi, zafi ko tsami a tsakar kai, karyewar gashi a wurin, da fata mai sheƙi wadda ƙofofin gashi suka shafe. Maganinta na kashe kumburi ne, na shafawa, na allura ko na sha, kuma duk watan da aka ɓata ana ɗaukarta raguwar gado ce, saiwoyi ne ke tafiya ba dawowa.

Akwai wata mai tabo da Steven Kossard ya bayyana a 1994, wadda ke tura layin goshi baya kamar an ja ɗamara, sau da yawa tare da zubewar gira. Akwai kuma asarar da ɗaurin gashi ko kitso mai tsauri ke jawowa a gefen kai da goshi, inda akan ga 'yan siraran gashi sun rage a bakin layin, bayansu fili.

Muddin akwai zafi, ƙuraje, ja, ko ƙofofin gashi sun ɓace, a ga likitan fata kafin a sayi komai.

Me minoksidil ke yi wa saiwa, kuma yaya ake amfani da shi?

Asalinsa maganin hawan jini ne da aka lura yana tsirar da gashi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na shafawa mai ƙarfin kashi 2 ga mata a 1991, da mai kumfa na kashi 5 a 2014. Yana tayar da saiwar da ke hutu, yana tsawaita lokacin girma, yana kuma ƙara wa sili kauri. Ba ya taɓa dalilin gado, shi ya sa idan aka daina, cikin wata 3 zuwa 6 abin da aka samu ke zubewa.

Na ruwa mai kashi 2, mililita 1 ake sawa sau biyu a rana. Mai kumfa na kashi 5, rabin murfin gwangwanin sau ɗaya a rana. A busasshiyar fata ake sawa. A tsaga gashi layi-layi a inda ya sirance, a ɗiga a kan fatar kanta, a baza da yatsa, a wanke hannu. A bar shi aƙalla awa 4 kafin wanke kai, kuma ya bushe kafin a kwanta, don kada matashin kai ya kwashe shi ya kai fuska.

Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Shafa shi a kan gashi, inda ba ya amfanar komai. Sa shi a kan man shafawa mai nauyi da ya riga ya toshe fata. Ƙara yawa da tunanin zai fi sauri, alhali illar kawai ke ƙaruwa. Idan fata ta yi ja tana ƙaiƙayi da ɓawo, galibi sinadarin furofilin gilaikol da ke cikin na ruwan ne, kuma komawa mai kumfa kan warware matsalar. Wasu matan kan ga gashi a kunci ko gefen goshi, wanda ke tafiya idan an daina.

Ba kowa yake yi wa aiki daidai ba, domin sai wani sinadari da ke jikin saiwar, salfotaransifares, ya sarrafa shi kafin ya fara aiki, kuma yawan sinadarin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Mai juna biyu da mai shayarwa su bar shi. Mai kyanwa a gida ta yi hattara, guba ne gare ta ko da ɗan kaɗan ta lasa.

Na fara shafawa sai zubar ta ƙaru. In daina?

A'a. Tsakanin mako na 2 zuwa na 8 hakan na faruwa, saboda saiwoyin da aka tayar suna ture tsohon silin da dama zai faɗi nan gaba. A nan ne mata da yawa ke ajiye kwalbar, daidai lokacin da ta fara aiki. Idan zubar ta wuce wata 3 ba ta lafa ba, a koma wurin likita.

Akwai na sha?

Akwai, kuma duk sai da likita. Minoksidil na sha a ƙaramin awo, galibi miligiram 0.25 zuwa 1.25 a rana ga mata, ya samu karɓuwa a 'yan shekarun nan. Illolinsa sun haɗa da gashi a fuska da jiki, kumburin idon sawu da bugun zuciya. Sifironolakton, miligiram 50 zuwa 200 a rana, yana toshe homon na maza a bakin saiwa. Yana iya rikita al'ada, ya saukar da hawan jini, ya ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, abin da ke da haɗari ga mai ciwon ƙoda. Finasteraid a awo mafi girma, miligiram 2.5 zuwa 5, wasu likitoci na ba wa matan da suka daina al'ada. Sifironolakton da finasteraid duka suna iya lalata halittar al'aurar ɗan tayi namiji, don haka ba a ba wa mai ciki ko mai neman ciki.

Aski, man gashi ko ƙwayoyin bayotin suna taimakawa?

Aski ba ya kaiwa ga cibiya, wadda ke milimita 3 zuwa 4 a ƙasa. Gashin da aka aske yana kama da mai kauri ne kawai don bakinsa a datse yake. Mai yana rage bushewa da karyewa, amma ba ya sauya girman saiwa. Wanke kai ba ya jawo raguwa, silin da ya riga ya saki ne ke fita. Bayotin kuwa, wanda wani nau'in bitamin ne, sai ga mai ƙarancinsa, wanda ba kasafai ake samu ba, kuma yawansa na gurɓata sakamakon gwajin tayiroid da na gano ciwon zuciya. A gaya wa likita idan ana sha.

Dashen gashi fa?

Dashe ya dogara ne da abin da Norman Orentreich ya nuna a 1959: saiwar da aka ciro daga ƙeya tana tafiya da halinta duk inda aka kai ta. Matsalar a mata ita ce wani lokaci ƙeya da gefen kai ma sun sirance, kuma saiwar da ta fara tsumburewa za ta ci gaba da tsumburewa a sabon wurin. Dole a duba ƙeyar da damatoskof tukuna. Dashe raba abin da ke akwai yake yi, ba ya ƙara ko saiwa ɗaya. Silin da aka dasa yakan zube a makonnin farko, sabo ya fara fitowa a wata na 3 ko na 4, cikakken sakamako sai wajen shekara. Magani kuma ana ci gaba da shi, domin saiwoyin asali da ke kewaye ba su daina raguwa ba.

Ta yaya zan san magani na aiki?

Da hoto, domin idon da ke kallon madubi kullum ba ya ganin sauyin da ke tafiya santimita 1 a wata. Kafin a fara, a tsaga busasshen gashi a tsakiya, a ɗauki hoto daga sama, a gaba da kuma ƙeya. A maimaita duk wata 3 a wuri ɗaya, da haske iri ɗaya, da nisa iri ɗaya. Jiƙaƙƙen gashi ko fitilar da ke saman kai kai tsaye suna sa tsaga ta yi kamar ta ninka faɗi.

Abin da ke fara zuwa shi ne raguwar zuba, wajen wata na 3 ko na 4. Sai gajerun sababbin sili a bakin tsaga. Kauri kuwa sai tsakanin wata 6 zuwa 12. Idan hoton bana ya yi daidai da na bara, maganin ya yi aiki, domin da an bar lalurar da ta ci gaba. Idan kuwa an cika shekara ana sawa yadda ya kamata amma tsagar na ƙara faɗi, sai likita ya sake duba ko sunan da aka ba cutar tun farko daidai ne, kuma a nan ne yanko naman fata ke da amfani.